Hoton Yaƙi: Wa Ke Ɗauka, Wa Ake Nuna Wa?

Ƙasar da ke arewa da birnin Kano, daga Ungogo da Dawakin Tofa har Minjibir, Ɗambatta, Makoɗa, Bichi da Tsanyawa, ƙasa ce da gona ke manne da gona, gida yana hango gida. Tun shekarun 1960 masana irin su Michael Mortimore suke zuwa nazarin yadda jama'a masu yawa haka ke ci daga ƙasa ɗaya shekara da shekaru, da takin gida da na birni da jakuna ke ɗaukowa, ba tare da an bar fili ya huta ba. Wanda ya ratsa ta da kaka ya ga damman gero a jere zai ɗauka ba ta taɓa jin ƙarar bindiga ba. Ta ji kuwa. Basasar Tukurawa da Yusufawa, daga 1893 zuwa 1895, ta raba garuruwa da dangi. Kafin ƙurarta ta kwanta, rundunar Damagaram ta gangaro a zamanin Sarki Alu, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa. Labarin waɗannan yaƙe-yaƙe ya iso mana ne ta bakin tsofaffi, ta kirari da waƙoƙin fada, ta kufai da ragowar ganuwa. Hoto ba ya cikin masu ba da shaida.

A lokacin kuwa hoton yaƙi ya yi shekara arba'in da haihuwa a wajen Turawa. A 1855 Roger Fenton ya je yaƙin Kirimiya da keken doki da ya mayar ɗakin wanke hoto. Kyamarar zamanin sai abu ya tsaya cak take kama shi, don haka ya dawo da hafsoshi da tantuna da wani kwari cike da harsasan igwa, babu gawa ko ɗaya. A 1862 Mathew Brady ya baje hotunan da Alexander Gardner ya ɗauka na matattun Antietam a shagonsa na New York, mutanen birni suka yi ta tururuwa suna kallon 'ya'yan ƙasarsu a yashe a gona. Daga nan aka gina imanin da sana'ar ta rayu a kansa fiye da ƙarni: in mutanen gida suka ga yaƙi yadda yake, zuciyarsu za ta tashi, su tilasta wa shugabanni su tsaya. Mai hoto ya zama ɗan aike, yana ɗauko gaskiya daga fagen fama ya kai wa waɗanda ke da ikon yin wani abu a kanta.

A ƙasarmu ta wata ƙofa hoton ya shigo, kuma ina ganin wanda bai lura da wannan ba zai kasa gane abin da ke yawo a wayoyinmu yau.

A watan Afrilun 1900 sojojin Faransa suka kashe Rabeh a Kusiri, suka yanke kansa, aka ɗauki hoton kan, hoton da har yanzu yake cikin littattafan tarihi. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kama hanyar gabas, talakawa suna barin gonakinsu suna bin sa, har aka ci shi da yaƙi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa shi ma an yanke kansa, aka ɗauki hoto, aka zaga da shi garuruwan Arewa. Dalilin a fili yake. Muddin mutane na raɗa cewa Sarkin Musulmi yana raye a wani wuri, hijira ba za ta tsaya ba, haraji kuma ba zai taru ba. Ko da hakan, dubbai sun wuce, ɗansa Mai Wurno ya kafa gari a bakin kogin Nilu a Sudan. Abin lura shi ne wanda aka yi hoton dominsa. Gardner ya ɗauki hoton gawa ya nuna wa iyayen mamacin don su ji tausayi. Wanda ya ɗauki hoton Burmi ya nuna wa mabiyan mamacin ne don gwiwarsu ta yi sanyi. Na'ura ɗaya, aiki biyu, kuma na biyun muka fara sani.

Bayan nan hoton yaƙi ya zauna a hannun hukuma. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana edita, cikin 'yan watanni Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Jarida ɗaya kan ratsa hannu da yawa a ƙauye, mai ilimin boko yana karantawa, saura suna leƙen hotuna. Ga kuma majigi: mota ta zo garin hakimi, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan isha'i, mai fassara yana bayani da Hausa, yara a gaba, manya a baya. Abin da ake nunawa shi ne fareti, da jiragen Ingila, da soja cikin kaki mai guga. Samarin da aka ɗiba daga ƙauyuka zuwa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun sha ruwan sama da zazzaɓi a dazukan Kaladan da Arakan a ƙasar Boma, amma wannan sai da suka dawo aka ji shi, a gindin bishiya, daga bakin wanda ya ga dama ya faɗa.

Shekarun 1966 zuwa 1970 su ne suka nuna ƙarfin hoto ta kowace fuska, kuma ya kamata a tsaya a kansu. Waɗanda suka rubuta tarihin lokacin sun ambaci yadda, bayan kisan Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966, aka riƙa ganin hotunan Manjo Nzeogwu a wasu wurare a Arewa ta fuskar da jama'a suka ɗauka izgili ne ga mamacin. Rikicin ƙarshen watan Mayu yana da tushen da ya fi hoto zurfi: dokar haɗe ƙasa mai lamba 34 da Ironsi ya fitar ranar 24 ga wata, da tsoron da ya riga ya cika zukata. Amma labarin hotunan ya yi tafiya har inda hotunan ba su je ba. Mutumin da bai taɓa ganin su ba ya rantse da abin da ke ciki. Waɗanda aka kashe a Kano a watan Mayu, da waɗanda aka kashe a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa a farkon Oktoba, yawancinsu ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Sai yaƙin basasa, sai yunwa. A tsakiyar 1968 hotunan yaran Biyafara masu kumburarren ciki suka cika jaridun Ingila, ranar 12 ga Yuli mujallar Life ta Amurka ta sa su a bangonta. Masu hoto irin su Don McCullin da Gilles Caron sun shiga sun ɗauko abin da idonsu ya gani, yunwar kuwa gaskiya ce. Gwamnatin Ojukwu ta gane darajar abin, ta ɗauki kamfanin Markpress na Geneva yana rarraba labarai yana shirya wa 'yan jarida tafiya. Tasirin ya zo da sauri: tara kuɗi a coci-coci, jiragen agaji suna sauka a Uli da dare, matsin lamba kan gwamnatin Ingila, sannan likitocin Faransa da suka yi aiki a can suka shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitoci ta MSF a 1971. Har yau masana na jayayya ko agajin ya ceci rayuka ne kawai ko kuwa ya tsawaita yaƙin. A Asaba kuwa, inda sojojin tarayya suka kashe ɗaruruwan maza a Oktoban 1967, babu hoton da ya zaga duniya, maganar ta yi shekaru a rufe. Manomin Bichi da ɗansa ke bakin daga bai ga Life ba. Yaƙinsa ta rediyon Kaduna ya zo, da waƙoƙin zuga sojoji, da wasiƙa in an yi sa'a. Hotunan da suka fi shahara a tarihin Nijeriya an ɗauke su ne don idon mutanen Landan da Paris.

Wannan zamani ne ake kira na zinariya a sana'ar, ana kafa hujja da Biyetnam, musamman hoton yarinyar nan 'yar shekara tara tana gudu jikinta a ƙone, wanda kamfanin AP ya fitar a Yunin 1972. An sha cewa shi ya kawo ƙarshen yaƙin. An yi ƙari, domin a lokacin Amurka ta riga ta janye mafi yawan sojojinta na ƙasa. Abin da ba a yi ƙari a kansa ba shi ne yadda hoto ɗaya yake mamaye duniya. Ƙofofi kaɗan ne: edita ya zaɓi guda cikin ɗari, ya rubuta rana da wuri a ƙarƙashinsa, ya sa sunan jaridarsa a matsayin jingina, miliyoyin mutane su wayi gari suna kallon abu ɗaya. Ƙarancin hoton na cikin sirrin ƙarfinsa.

Karon farko da talakan Kano ya sa hannu a aljihu ya sayi hoton yaƙi da kuɗinsa, fosta ya saya. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 Saddam Husaini ya hau bangon shaguna, bayan Satumban 2001 kuma Usama bin Ladan ya biyo baya, a fosta da kalanda da sitika a jikin babura, abin da masanin nan na Jamus Matthias Krings ya yi nazari a kansa. Haɗe-haɗe ne ake yi: a yanko fuska daga mujalla, a liƙa jirgin yaƙi da wuta a baya. Mai saye ya san haɗi ne, bai kuma damu ba, domin bai saya don ya san abin da ya faru a Bagadaza ba. Ya saya ne don mai shigowa shagonsa ya san inda zuciyarsa take. Wannan ɗabi'a ta amfani da hoto a matsayin tuta ita ce ta tarbi wayar salula da ta shigo a 2001.

Da waya mai kyamara da memori suka yi araha, sai shagon caji ya zama gidan jarida. Duk ƙauyen da babu wuta akwai yaro mai janareto ko sola, da kwamfuta ko babbar waya, ka ba shi 'yan canji ya tura maka waƙoƙi da wa'azi da fina-finai, a ciki har da "abin da ya faru a Maiduguri". Hotunan gawar Muhammad Yusuf, wanda aka kashe a hannun 'yan sanda ranar 30 ga Yulin 2009, ta haka suka bi Arewa waya zuwa waya. A Fabrairun 2010 Al Jazeera ta nuna bidiyon jami'an tsaro suna harbe mutanen da aka kwantar a ƙasa. Ga masu kare haƙƙin ɗan Adam shaida ce, ga masu neman mabiya kuwa jari ne, kuma kowa ya yi amfani da shi. Ranar 20 ga Janairun 2012, da aka kai wa birnin Kano hare-haren da suka kashe aƙalla mutum 185, Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels ya fita aikinsa aka harbe shi. Daga wannan lokaci mafi yawan abin da aka gani na rikicin Arewa ya fito ne daga hannun wanda abin ya rutsa da shi, ko soja, ko mai kisan kansa.

Akwai wani nau'in hoto da ya zama namu, wanda ba ya cikin littattafan koyar da sana'ar: hoton jana'iza. Dalilinsa addini da nisa. Musulmi ba ya ajiye gawa, ɗan jarida kuma daga birni yake tahowa, kafin ya iso an yi sutura. Abin da ya rage shi ne wanda wani ya ɗaga waya ya ɗauka a filin idi ko bayan gari: likkafani a jere, sahu a baya, liman a gaba. Babu jini, babu fuska, ba a keta mutuncin kowa ba, amma ana iya ƙirgawa. A ganina wannan ne hoto mafi amfani da zamanin waya ya kawo, domin gardamar hukuma da talaka a kan adadi take yawan tsayawa. Da jirgi maras matuƙi na soja ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna ranar 3 ga Disambar 2023, ya kashe aƙalla mutum 85, hotunan sun riga kowace sanarwa fita, rundunar soja ta amsa cewa ita ce. Irin wannan ne ya sa ba na bin masu cewa a hana ɗaukar hoto kwata-kwata. Inda babu ido a ƙasa, wani lokaci sama ke ba da shaida, kamar hotunan tauraron ɗan Adam da Amnesty ta fitar na Baga da Doron Baga a Janairun 2015.

Sai dai waya ba ta zaɓen hannu. 'Yan bindigar dazukan Zamfara da Katsina sun zama masu ɗaukar hoton kansu. Suna baje bindigogi da damman kuɗin fansa a TikTok, Bello Turji yana magana kai tsaye ga kyamara kamar mai jawabin sallah. Waɗanda suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris na 2022 sun saki bidiyon da suke dukan fasinjojin da suke tsare da su, don iyalai su gani su sayar da abin da suka mallaka. A 2019 an ga hoton Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina tsaye kusa da ɗan bindiga riƙe da makaminsa a wajen sulhu, ga hafsan soja a gefe. Gwamnati ta yi nufin a ga zaman lafiya. Mutumin ƙauye abin da ya gani shi ne wanda bai ajiye bindiga ba a gaban gwamna. Irin waɗannan hotuna ba su neman tausayin kowa a Landan. Manomi ake nuna wa, saƙon kuma shi ne ya san wanda ke da iko da hanyar gonarsa. Aikin da Turawan mulki suka ba kyamara a 1903 ya dawo, sai dai yanzu ba a bukatar ɗan saƙo ya zaga da hoton, mu da kanmu muke turawa.

Martanin hukuma ya ba da mamaki. A Yulin 2022 BBC ta fitar da shirin Yusuf Anka kan shugabannin 'yan bindigar Zamfara, Trust TV ma ta yi nata a farkon shekarar. Ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ce kambama ta'addanci ne, hukumar NBC ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5. Wato an hukunta masu suna da adireshi, waɗanda suka yi tambaya suka kuma ji ta bakin waɗanda aka zalunta, alhali bidiyon da babu tambaya a cikinsa yana ci gaba da yawo kyauta.

Ga kuma hoton da ya ɓata hanya. Lokacin gangamin neman 'yan matan Chibok a 2014, wasu daga cikin fuskokin da suka fi yaɗuwa na 'yan matan Gini Bisau ne da Ami Vitale ta ɗauka shekaru kafin nan, ba su da alaƙa da Borno. Wannan bai kashe kowa ba. Na jihar Filato ya fi muni: binciken BBC na 2018 ya nuna yadda aka yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook a watan Yuni da sunan kisan Gashish, alhali akwai wanda aka ɗauka a Kongo tun 2012, aka tare hanya aka kashe matafiya. Yanzu da kwamfuta ke ƙera hoto daga babu, ko tsohon hoton ba a bukata. Illar ta biyu ita ce ta fi ɓoyuwa: mai laifi na gaske ya samu mafaka, sai ya ce haɗi ne.

A ƙarshen 2025 hare-hare suka tsallako daga iyakar Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, abin da mutanen Kano suka saba gani a waya ya zo bakin ƙofa. A irin wannan ƙasa mai cunkoso hoto yana aiki daban da yadda yake yi a birni. Babu baƙuwar fuska. Wanda ke kwance cikin jini surukin wani ne, ko abokin cin kasuwarsa. Da can in an yi rasuwa dattijo ake tashi, ya yi sallama, ya zauna, ya fara da "sai haƙuri, Inna" kafin ya kama suna. Yanzu yaro ne zai miƙo waya ya ce "Baba, wannan ba Kawu ba ne?" Malamai sun sha yin huɗuba kan suturta mamaci da tabbatar da labari kafin a yaɗa shi, suna kuma da gaskiya, amma ɗan ci-rani da ke Legas ko Fatakwal shi ma yana son ya san halin da gida ke ciki, "turo mini in gani" ita ce kalmarsa ta farko. Daga abin da aka gani ake yanke shawarar yau da gobe: ko a kai shanu kasuwa tun ba a kore su ba, ko a tura mata da yara wajen dangi a birni, ko a haɗa kuɗin 'yan sa-kai, ko a yi shuka a gonar da ke nesa da gari. Haka kuma ake yanke wa maƙwabci hukunci. Bafulatanin da rugarsa ta yi shekara talatin a gefen gari, wanda shanunsa ke kwana a gonaki da rani suna bar musu taki, yakan wayi gari ana masa kallon mutumin cikin bidiyon jiya.

Mai kallo na nesa kuwa, wanda aka gina sana'ar dominsa, ya gaji ko ya juya wani wajen. Har a cikinmu, hoton Gaza ya fi saurin tara jama'a a Kano fiye da na Zurmi ko Batsari, wataƙila don na can ƙwararru ne suka ɗauka, da suna da labari, na nan kuma a dushe yake, an turo shi sau goma, babu rana babu gari. Ɓarnar da ta fi yawa ma ba ta ɗaukuwa cikin daƙiƙa talatin: gero da ya bushe a tsaye babu mai yanka, makarantar firamare da ta koma masaukin 'yan gudun hijira, kasuwar da take watsewa tun azahar. Fati Abubakar ta gwada wata hanya a Maiduguri tun 2015 da shirinta na Bits of Borno, tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki a garin da duniya ta sani da bam kawai, tana rubuta abin da suka faɗa mata. Aiki ne mai cin lokaci, yana bukatar wanda ya san gidajen, wanda za a bari ya shiga zaure, in mace ce har cikin gida inda rabin labarin yake. Irin wannan ne ƙauyukan arewacin Kano suke bukata, da kuma wurin ajiya, ko Gidan Makama ko Arewa House ko jami'a, inda za a karɓi abin da ke cikin wayoyin mutane a rubuta masa rana da gari da yardar iyalai. In ba haka ba, memorin yana cika za a kai wa yaron shagon caji ya goge, ya zuba sababbin fina-finai.